Nagge Daɗi Goma: Tarihin Nono a Tamale da Alƙawuran Arla Kan Sauyin Yanayi

1.0 Gabatarwa

Nono iri biyu ne ke shiga gidajen birnin Tamale, hedikwatar Yankin Arewa na ƙasar Gana. Akwai wanda matan Fulani kan kawo daga rugage a cikin ƙwarya ko bokiti, a dama fura da shi, ko a dafa shi ya zama cukun da ake kira wagashi. Akwai kuma madarar gari da ta gwangwani, wadda akasarinta a Turai ake tatsarta, a busar da ita, a yi mata lodi a jirgin ruwa zuwa tashar Tema, daga nan mota ta haura da ita arewa, tafiyar fiye da kilomita 600. Shekara da shekaru, farashi da tsafta da daɗewa ba tare da lalacewa ba su ne abubuwan da ake dubawa idan za a gwada waɗannan biyun. Yanzu an sami sabon ma'auni, wato yawan iskar da ke ɗumama duniya wadda ake fitarwa kafin a samar da kowace lita.

Manyan ƙungiyoyin gama-kai na masu shanun madara a Turai sun ɗauki alƙawuran rage wannan iska, sun sa wa kansu wa'adi da adadi. Ɗaya daga cikinsu ita ce Arla, mai madarar Dano da ake sayarwa a Gana da Nijeriya. Idan aka auna da lita, saniyar Arla ta fi saniyar ruga tsafta nesa ba kusa ba. Wannan maƙala za ta bi tarihin yadda aka kai ga hakan: yadda nonon arewacin Gana ya tsaya a wajen littafin gwamnati, yadda na Danmak ya zama dukiyar ƙungiya, da kuma abin da sabon ma'aunin yake ƙirgawa da abin da yake tsallakewa.

2.0 Shanu da Fatake Kafin Zuwan Turawa

Tun kafin Tamale ta zama birni, Hausawa sun san wannan yanki ta hanyar fataucin Gwanja. Ayarin fatake kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, ya ratsa Borgu ko ƙasar Gurma, ya sauka Salaga, wadda take kudu maso gabas da Tamale ta yau. Sukan zo da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su koma da goro daga dazuzzukan Ashanti. Wannan ciniki ne ya haifar da zangon Hausawa a garuruwan yankin, ya kuma sa Hausa ta zama harshen kasuwa a can.

Mutanen ƙasar, Dagwamba da maƙwabtansu, suna da shanunsu tun da can. Ƙananan shanu ne marasa tozo masu gajeren ƙaho, dangin muturu, waɗanda ke jure cizon ƙudan tsando da cutar sammore. Amfaninsu ga masu su shi ne ajiyar dukiya, da biyan bukatun aure da na jana'iza da sauran al'adu. Nononsu kaɗan ne, tatsa kuma ba ta cikin manyan sana'o'in manoman yankin.

Abubuwa biyu suka girgiza wannan tsari a ƙarshen ƙarni na 19. Na farko shi ne annobar bushiya, wadda ta ratso daga gabashin Afirka ta iso ƙasashen Sudan ta Yamma a farkon shekarun 1890, ta yi wa garkunan shanu kisan da ba a taɓa ganin irinsa ba. Na biyu shi ne yaƙin basasar Salaga na 1892, wanda ya watsa 'yan kasuwa da malamai zuwa garuruwa irin su Kete-Krachi da Yeji. Daga cikin waɗanda suka bar Salaga har da shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Saboda haka, a lokacin da Turawan Ingila suka kafa mulkinsu a yankin, sun tarar da garkunan da ba su gama farfaɗowa ba da kuma kasuwar da ta tarwatse.

3.0 Pong-Tamale: Gwamnatin Nama, Ba ta Nono Ba

A 1907 Turawa suka mayar da hedikwatar Yankunan Arewa daga Gambaga zuwa Tamale. A idonsu, arewa wuri ne na samo leburori da dabbobin yanka domin Kumasi da garuruwan haƙar zinariya da biranen bakin teku. Da yawa daga cikin shanun da ake yankawa a kudu daga ƙasashen da ke hannun Faransa suke fitowa, su ratsa arewacin ƙasar da ƙafa. Babban abin da ya dami gwamnati shi ne kada waɗannan garkuna su shigo da cuta.

Wannan ne ya sa aka kafa tashar likitocin dabbobi a Pong-Tamale, tazarar kusan kilomita 30 arewa da Tamale a kan hanyar Bolgatanga. A shekarun 1930, ƙarƙashin jagorancin babban likitan dabbobi J. L. Stewart, tashar ta zama cibiyar yi wa shanu rigakafin bushiya da kuma gwajin haɗa irin shanun gida da na waje. Aikin ya yi tasiri, domin mutuwar shanu ta ragu, garkuna suka ƙaru. An ci gaba da yaƙi da cutar bayan samun 'yanci ta hanyar gangamin haɗin gwiwar ƙasashen Afirka da aka fara a 1962, har zuwa 2011 da aka bayyana kawar da bushiya daga doron ƙasa. Har yau akwai kwalejin horar da ma'aikatan lafiyar dabbobi a Pong-Tamale.

Sai dai duk wannan ɗawainiya saboda nama da shanun huɗa aka yi ta. Jami'in Bature da akawunsa madarar gwangwani suke zubawa a shayi, wadda kamfanonin ciniki ke shigowa da ita daga Turai. Ba a gina wata hanya ta tattara nono daga ƙauyuka ba, ba a kuma ɗauke shi a matsayin hajar da gwamnati za ta lissafa ba.

A daidai wannan zamani ne Fulani makiyaya suka fara zama a arewacin ƙasar, tun daga farkon ƙarni na 20, yawancinsu daga ƙasar da ake kira Barkina Faso a yau. Da yawa daga cikinsu ba da garkensu suka zo ba. Sarki ko attajiri ko manomi kan damƙa wa Bafulatani shanunsa ya yi kiwo, a ba shi wurin zama da gona, nonon da aka tatsa kuma ya zama ladansa. Wannan yarjejeniya tana da muhimmanci ga fahimtar duk abin da ya biyo baya. Saniya ta mai gari ce, nono na makiyayi ne, cinikinsa kuma a hannun matarsa yake. Mai saniya ba shi da wata riba idan nono ya ƙaru, don haka ba zai kashe kuɗi a kan dusa ko harawa saboda shi ba. Makiyayi kuwa ba shi da tabbacin zama, balle ya shuka ciyawa ko ya haƙa rijiya a ƙasar da ana iya tashinsa daga cikinta gobe.

Rashin tabbacin ya fito fili a watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba da umarnin korar baƙin da ba su da takardun zama, abin da ya shafi Hausawa da Yarabawa da Fulani masu yawa. Farin shekarun 1970 da na 1983 zuwa 1984 ya sake turo makiyaya daga Sahel zuwa kudu, rikici da manoma ya ƙaru, gwamnatocin Gana kuma suka riƙa tura sojoji da 'yan sanda korar garkuna tun daga ƙarshen shekarun 1980. Ƙungiyar ECOWAS ta amince da ƙa'idar zirga-zirgar makiyaya tsakanin ƙasashe a 1998, amma ƙa'idar ba ta ba kowa filin zama ba. Sana'ar nono a kewayen Tamale ta rayu ne a hannun matan da ba su da rajista, ba su da wurin sanyaya kaya, ba su da murya a ofis.

4.0 Hjedding: Yadda Manoma Suka Mallaki Injin

A shekarun da bushiya ke dab da isowa Afirka ta Yamma, manoman Danmak suna fama da tasu matsalar. Hatsi mai arha daga Amurka da Rasha ya karya musu farashi, sai suka juya ga kiwon shanu da sayar wa Ingila man shanu. Ƙaramin manomi mai saniya biyu ko uku ba ya iya yin man da zai yi gogayya da na manyan gandaye. A 1878 wani injiniya ɗan Suwidin, Gustaf de Laval, ya fito da injin da ke raba maiƙo da madara cikin sauri, amma injin ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya.

A 1882 manoman ƙauyen Hjedding da ke yammacin Danmak suka haɗa kai, suka ci bashi tare, suka gina masana'antar madara tasu. Ƙa'idojinsu masu sauƙi ne: kowane ɗan ƙungiya zai kawo duk madararsa, za a biya shi gwargwadon abin da ya kawo, ribar ƙarshen shekara ta kowa ce bisa wannan lissafi, bashi kuma a wuyan kowa yake. Tsarin da ya kafu a irin waɗannan ƙungiyoyi shi ne mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, komai yawan shanunsa. Kafin shiga ƙarni na 20 da 'yan shekaru, irin waɗannan masana'antu sun haura dubu a Danmak. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji Bahaushe, kuma manoman Hjedding sun nuna hakan a aikace.

A Suwidin ma an kafa irin wannan ƙungiya a 1881 a wata gona mai suna Stora Arla Gård, inda sunan Arla ya samo asali. Ƙananan ƙungiyoyin sun yi ta haɗewa tsawon ƙarni guda, har zuwa shekarar 2000 da MD Foods ta Danmak da Arla ta Suwidin suka zama Arla Foods. A yau dubban manoma ne suka mallake ta a ƙasashe bakwai: Danmak, Suwidin, Birtaniya, Jamus, Holan, Beljiyam da Luksambok.

Abin lura a nan shi ne, ƙungiya ce ta fara zuwa, saniya mai yawan nono ta biyo baya. Da manomi ya tabbata cewa za a sayi madararsa kullum a farashin da ya sani, sai ya fara auna abin da kowace saniya ke bayarwa, ya zaɓi iri, ya gyara abinci. Saniyar Danmak ta yau, wadda ke ba da kimanin lita 30 a rana, sakamakon fiye da shekara ɗari ne na wannan tabbaci.

5.0 Yadda Madarar Gari Ta Mamaye Kasuwa

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, hanyoyin biyu suka haɗu a kasuwannin Afirka ta Yamma. Madarar Peak ta Holan ta shigo Nijeriya a 1954. A Gana, wani ɗan kasuwa daga Danmak, Erik Emborg, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin madara a Akara a 1960, wanda aka sauya wa suna zuwa Fan Milk a 1962. Kamfanin Nestlé kuma ya fara haɗa madarar Ideal a Tema a farkon shekarun 1970. Dukkansu da madarar gari ta waje suka dogara. Masana'antun suna bakin teku kusa da tashar jirgin ruwa, shanu kuwa suna arewa, babu kuma abin da ya haɗa su.

A Turai, manufar noma ta bai-ɗaya da aka fara a 1962 ta tabbatar wa manoma farashi, madara ta yi yawa har aka rasa inda za a kai ta. An riƙa tura rarar zuwa ƙasashen waje da tallafin gwamnati. A 1984 aka ƙayyade wa kowace ƙasa yawan madarar da za ta samar, aka ci gaba da haka har ƙarshen Maris na 2015, lokacin da aka soke ƙayyadewar. Wata takwas kafin nan, a Agustan 2014, Rasha ta hana shigar da kayan abinci daga Tarayyar Turai. Madara ta ƙaru, babbar kasuwa ta rufe, sai kamfanoni suka ƙara mayar da hankali ga Afirka ta Yamma. A 2015 Arla ta ƙulla haɗin gwiwa da kamfanin Tolaram a Nijeriya, ta ƙulla wani a Sanagal, sannan a 2017 ta buɗe reshenta a Gana.

Harajin bai-ɗaya na ECOWAS kashi 5 cikin ɗari kawai ya ɗora wa madarar gari da ke shigowa a manyan buhuna. Ga kuma wata haja da ta yaɗu ƙwarai a wannan lokaci: madarar da aka cire mata maiƙonta na asali, aka sayar da shi a matsayin man shanu mai tsada, aka maye gurbinsa da man kwakwar manja. Arharta ta sa talaka ya samu abin zubawa a koko da shayi, wannan gaskiya ne. Amma ta kuma sa duk mai son kafa ƙaramar masana'antar kindirmo a Tamale ya ga cewa sayen buhun gari ya fi masa sauƙi da bin rugage da babur. A 2018 ƙungiyoyin makiyaya na ƙasashen Sahel suka fara gangamin kare nonon gida, suna neman a ƙara wannan haraji.

6.0 Alƙawuran Arla

Saniya dabba ce mai tuƙa. A cikin tumbinta akwai ƙananan halittu da ke narkar da ciyawa, a yayin haka suna samar da iskar da masana ke kira metan, wadda saniya ke fitarwa galibi ta hanyar gyatsa. Wannan iska ba ta wuce kimanin shekara 12 a sama, amma idan aka yi lissafin shekara ɗari, ƙarfinta na riƙe zafi ya ninka na iskar kabon kusan sau 28. Ga kuma iskar da ke tashi daga kashin shanu da takin zamani, da man fetur da wutar lantarki da ake ƙonawa wajen sarrafawa da sufuri. Ana tattara waɗannan duka a mayar da su ma'auni ɗaya, a ce kilo kaza na kwatankwacin iskar kabon. A 2013 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta ƙiyasta cewa kiwon dabbobi ne ke da alhakin kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ɗan Adam ke jawowa.

Bayan yarjejeniyar Faris ta 2015, matsin lamba ya ƙaru a kan kamfanonin abinci. A 2019 Arla ta bayyana burinta na kaiwa matsayin da iskar da take fitarwa da wadda take kawarwa za su yi daidai kafin 2050. Ta kuma sa wa kanta wa'adin 2030 a fanni biyu, tana gwadawa da matsayin 2015. A masana'antunta da motocinta da wutar da take saye, za ta rage jimillar iskar da kashi 63 cikin ɗari. A gonakin 'yan ƙungiya da sauran abin da ke wajen masana'anta, za ta rage kashi 30 cikin ɗari a kan kowane kilo na madara.

Bambancin waɗannan alƙawura biyu ya cancanci a tsaya a kansa. Na farko ya shafi jimilla, amma ɓangaren da ya shafa ƙarami ne, domin fiye da kashi 80 cikin ɗari na iskar Arla daga gonaki take fitowa. Na biyu, wanda ya shafi babban ɓangaren, a kan kowane kilo aka ɗora shi. Idan iskar kowane kilo ta ragu da kashi 30, yawan madarar kuma ya ƙaru da rabi, jimillar za ta ɗara ta da. Sararin sama kuwa jimilla yake karɓa. Wannan ne babban sukan da masu fafutukar muhalli ke yi wa irin wannan lissafi. A Fabrairun 2023 wata kotu a Suwidin ta hana Arla rubuta a jikin kwalin madara cewa sawunta ga yanayi ya zama babu, tana mai cewa furucin na iya ruɗar mai saye.

Duk da haka, akwai abin da Arla ta yi wanda ba za a raina ba. Tana tattara bayanai daga gonakin 'yan ƙungiya kowace shekara: abincin da aka ba shanu, takin da aka zuba, tsawon ran saniya, yadda aka adana kashi. Daga Agustan 2023 ta fara biyan manomi ƙarin kuɗi har zuwa santi 3 na Yuro a kan kowane kilo gwargwadon makin da ya samu, ban da santi 1 na miƙa bayanai. A 2024 kuma gwamnatin Danmak da ƙungiyoyin manoma da na muhalli suka cimma matsaya kan harajin iskar dabbobi da zai fara aiki a 2030. Manomin Danmak yana cikin ɗakin da ake yanke waɗannan shawarwari, domin shi ne mai kamfanin.

7.0 Abin da Ma'auni Ya Ƙirga da Abin da Ya Tsallake

A 2010 FAO ta fitar da nazari kan iskar da samar da madara ke jawowa. Matsakaicin duniya ya kama kimanin kilo 2.4 a kan kowane kilo na madara. Ƙasashe masu arzikin masana'antu suna tsakanin kilo 1 da 2, Afirka kudu da Sahara kuwa tana wajen kilo 7.5, mafi yawa a duniya. Wanda ya tsaya a nan zai yanke hukunci cewa gara mutanen Tamale su sha madarar Turai.

Lissafin rabawa ne ya haifar da wannan sakamako. Saniyar Turai ta fi saniyar ruga girma da ci, metan ɗin da take fitarwa a shekara ya ninka na saniyar Afirka fiye da sau biyu. Amma ana raba nata da lita 30 a rana, na saniyar ruga kuwa da lita ɗaya ko biyu da aka tatsa bayan ɗan maraƙi ya sha. Fulani da Hausawa kan yi wa saniya kirari da nagge daɗi goma. Ma'aunin lita daɗi ɗaya yake gani sosai. Saniyar arewacin Gana tana haifar bijimin huɗa, tana takin gonar dawa da masara, ita ce asusun ajiya da ake buɗewa ranar rashin lafiya ko biyan kuɗin makaranta. Abincinta ciyawar daji ce da karan gona da harawa, waɗanda mutum ba ya ci, da yawansu ma gobarar daji ce za ta cinye su da rani.

Wani nazari da masana na cibiyar CIRAD ta Faransa da abokan aikinsu suka yi a yankin Ferlo na Sanagal, a kewayen rijiyar burtsatse ta Widou, ya auna filin kiwo gaba ɗayansa: dabbobi da ciyawa da itatuwa da ƙasa. Sakamakon da suka buga a 2019 ya nuna cewa a tsawon shekara, abin da itatuwa da ƙasa ke riƙewa ya yi kusan daidai da abin da dabbobi ke fitarwa. Ferlo ba Tamale ba ce, ruwan samansu da yawan dabbobinsu sun bambanta, amma nazarin ya nuna cewa amsar tana sauyawa idan aka sauya abin da aka ɗora a kan sikeli. Haka nan madarar da aka haɗa da man kwakwar manja tana ɗauke da nauyin dazuzzukan da aka sare a Indunisiya da Malesiya.

Akwai kuma batun adalci. Gaba ɗayan nahiyar Afirka ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa daga mai da gawayi ba. Arewacin Gana damina ɗaya gare shi a shekara, kuma a 2024 ruwa ya ɗauke a tsakiyarta har gwamnati ta hana fitar da hatsi zuwa waje a watan Agusta. Makiyayin da ke neman ruwa da ciyawa a irin wannan shekara yana cikin waɗanda ɗumamar ta fara taɓawa. Idan kuma aka ce shi ne mafi ƙazantar mai samar da madara, aka ba da kasuwarsa ga wani da sunan kare yanayi, an koma ga kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan ba ya nufin kiwon gargajiya ba shi da gyara. Saniyar da ta rame da rani, ta shekara biyu ba ta haihu ba, tana fitar da metan ba tare da ta ba da komai ba. Nonon da ya lalace da damina saboda rashin hanya da sanyi asara ce ga mai shi da ga yanayi. A nan ma ana iya rage iska, domin harawa da dusa da rigakafi da ruwan sha kan ɗaga nono daga lita ɗaya zuwa biyu, iskar kowace lita ta faɗi ƙwarai.

8.0 Darasi Daga Kaduna

Jihar Kaduna ta Nijeriya ta gwada hanyoyi biyu da Tamale za ta iya nazari. Ta farko ita ce tarayyar ƙungiyoyin gama-kai na masu nono da aka sani da MILCOPAL, wadda ta taso daga shirin bunƙasa kiwo na Bankin Duniya, bisa koyi da tsarin Anand na Indiya, inda ƙungiyar Amul ta fara a 1946. Makiyaya kan kai nono cibiyar ƙauye, a auna, a biya su, mota ta kwashe zuwa masana'anta a Kaduna. Tafiyar ta sha fama da ƙarancin nono da rani da lalacewar hanyoyi da rashin tsaro, amma ta nuna cewa makiyayi na iya zama ɗan ƙungiya mai rajista. Arla da kanta ta yi aiki da MILCOPAL a wani shirin haɗin gwiwa na tattara nono.

Ta biyu ita ce gonar da Arla ta buɗe a Damau, cikin Ƙaramar Hukumar Kubau, a 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya matsa wa masu shigo da madara lamba tun 2019 su zuba jari a cikin gida. An kawo karsana 216 irin Holstein daga Danmak, aka gina musu rumfuna masu sanyaya jiki. Irin wannan gona tana ba da nono mai yawa, lissafinta na kowace lita kuma zai yi kyau a rahoto. Amma tana bukatar jari da wuta da ruwa da abincin da aka noma musamman, abubuwan da mai shanu goma a Savelugu ko Tolon ba shi da su.

Gana tana cikin ƙasashen da suka shiga alƙawarin duniya na 2021 na rage metan da kashi 30 cikin ɗari kafin 2030. Tana da Jami'ar Nazarin Ci Gaba da aka kafa a Tamale a 1992, mai tsangayar aikin gona a Nyankpala, ga kuma Pong-Tamale. Masana ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙungiyar da za ta tsaya tsakanin masanin da matar da ke ɗauke da ƙwarya.

9.0 Kammalawa

Tazarar da ke tsakanin kilo 7.5 da kilo ɗaya da ɗoriya tarihi ne ya gina ta. A Danmak manoma sun mallaki injin tun 1882, suka sami kasuwa tabbatacciya, gwamnatoci suka kare su da farashi da tallafi, yau kuma ƙungiyarsu na biyan su ladan rage iska. A arewacin Gana gwamnatin mulkin mallaka ta kula da nama ta bar nono, masana'antun bayan 'yanci suka zauna a bakin teku suna jiran jirgi, masu tatsa kuma suka rayu a matsayin baƙin da ana iya kora. Duk shirin yanayi da zai zo Tamale zai tarar da tambayoyin da aka bari tun zamanin Stewart: wa ke da nonon, wa ke da filin da saniya ke kiwo, wa zai saya kullum, rani da damina, kuma a nawa. Idan aka amsa su ta hanyar da ta ba makiyaya da matansu rajista da ƙuri'a da wurin sanyaya nono, iskar kowace lita za ta ragu kamar yadda ta ragu a Danmak, ribar kuma ta tsaya a hannun waɗanda suka yi tatsar.